Sun Gyara Gitar Yaya Lawali

Bana shekara talatin da biyu ke nan da aka kai Yaya Lawali makwancinsa. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuta komai a kansa ba. Addu'a nake yi masa, in na samu hali in yi sadaka ranar Juma'a, in ja bakina in yi shiru. Abin da ya fito da ni bana fushi ne, kuma gara in faɗa tun da wuri don kada mai karatu ya gyara zama yana jiran labarin kewa mai sanyi. An ɓata abu guda ɗaya da wana ya bari na aikin hannunsa. Waɗanda suka ɓata shi kuwa da sunan girmama shi suka yi, har ana tafa musu.

Yaya Lawali malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mushe kamar yadda ake kiransu. Daga Damagaram aka turo shi Yamai, ya kama haya a Talaje, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ni ce autar ɗakinmu. Da na samu shiga lise, wato babbar sakandare, sai aka ce in je in zauna wurinsa da matarsa Hajara, kuma a can na tarar da gitarsa. Ya saye ta ne hannun wani abokin aikinsa mutumin Benin, wanda ya fara nuna masa inda ake ɗora yatsu, ya kuma bar masa wani littafin Faransanci da bangonsa ya rabu da shi tun tuni.

Wanda bai san Yaya ba zai zaci gidanmu kullum cikin waƙa yake. Ina! Masu gita suna da abin da suke kira gam, wato jerin muryoyi daga ƙasa zuwa sama, do, re, mi, har a kai ƙarshe a juyo. Shi matakala yake ce mata, kuma ita kaɗai yake kaɗawa. Da an sallame la'asar zai shimfiɗa tabarma ya jingina da bango, ya hau, ya sauko, ya sake hawa, a hankali kamar mai ciwon gwiwa. In yatsa ɗaya ya zame sai ya koma tun daga farko. Ya taɓa yi mini bayani cewa matakalar guda ce, amma in ka fara daga taki na biyu ka mai da shi gidanka, wato inda kiɗan zai riƙa komawa ya huta, sai yanayin ya sake gaba ɗaya. Ka fara daga na uku, ya sake zama wani abu dabam. Wani gidan fara'a gare shi, wani kuma kana ji za ka tuna waɗanda ka rasa. Yana iya shafe wata da watanni a gida guda bai matsa ba, wai sai yatsunsa sun san hanyar ba tare da ya duba ba.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bazabarma mai saida kopto, wato kwaɗon ganye, takan leƙo ta kan katanga ta ce, "Fofo, Mushe. To yaushe za ka kai ga waƙar? Tun bara kake hawa da sauka." Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Ina hanya, Inna." Ni kaina a lokacin na sha toshe kunne da matashi. Hajara ce kawai ba ta taɓa ƙorafi ba. Takan ce ya fi mata a kan ya tafi fada shan shayi ya dawo da maganar da za ta ja masa tsiya, domin zamanin soja ne, kuma mutum kan auna bakinsa kafin ya buɗe.

Dangi kuwa ba su ɗauki abin da wasa ba. Muna da kawu a unguwar Kalle, Alhaji Ila, babban ɗan kasuwa ne, shi ne uba gare mu a Yamai. A ganinsa jikan malamai ya rungumi abin kiɗa zubar da mutuncin gida ne. Sau da dama ya aiko a faɗa wa Yaya cewa danginmu ba su gaji roƙo ba. In za a zo mana baƙunci daga gida, Hajara kan tura gitar ƙarƙashin gado ta ja zanen gado ya rufe. Ina son mai karatu ya riƙe wannan, don ƴaƴan masu wannan magana su ne a sahun gaba ranar da aka yi taron yabonsa.

Sai fari ya dawo, na biyu da muka gani da idonmu. Mutane suka riƙa kwararowa daga Adar da Damargu, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, rumbunansu suka zama fanko. Suka kafa ƴan bukkoki na kwali da tsumma a filin da ke bayan unguwarmu. Cikinsu akwai wani tsoho, Baba Gado, makaɗin gurmi ne a garinsu, amma gurmin ya riga ya tafi wajen neman abin kai wa baki tun a hanya. Wata rana da yamma ya zo wucewa da ɗaurin itace a ka, ya ji Yaya yana hawa da sauka, ya sauke itacen a ƙofar gida ya yi sallama. Bai tsaya dogon gaishe-gaishe ba. Ya nuna wuyan gitar da yatsa ya ce, "Ɗana, wagga hanya taka da rami cikinta. Muryar da kaka tsallakewa tana tsakanin ƙarfen ga da wancan."

Wuyan gita yana da ƴan ƙarafa da aka gicciya, su ne ke raba muryoyi, kowace da gurbinta kamar yadda Turawa suka auna. Gurmi kuwa wuyansa sumul ne, yatsa na sauka inda kunne ya ce. Yaya ya daɗe yana jin cewa in ya gwada kiɗan gida a kan gita akwai abin da ba ya zama, kamar miyar da gishirinta bai ji ba, amma bai san inda matsalar take ba sai ran nan. Ya shigo da tsohon, Hajara ta kawo fura, kuma tun daga ranar Baba Gado ya zama ɗan gida. Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya. Mutum ne mai tsegumi da saurin hawa, ya ci tuwonmu ya kushe miyar, kuma wani lokaci abin da ya ce jiya yau sai ya musanta. Amma kunnensa a kan wannan murya bai taɓa kaucewa ba.

Da farko Yaya ya gwada tura tsirkiya da yatsa don muryar ta ɗan ɗaga. Tsohon ya ƙi. Ya ce wannan jan ciki ne, ita muryar sauka ake yi a kanta kai tsaye. Sai Yaya ya yi abin da ya sa abokinsa ɗan Benin ya kama kai: ya sa awartaki ya cire wasu daga cikin ƙarafan. Ya samo wayar ƙafar keke wajen mai faci, ya yanyanka ta guntu-guntu, ya riƙa sassaƙa ƴan gurabu a katakon yana dasa su, kowane guntu ƙarƙashin tsirkiyar da ke bukatarsa, yana liƙewa da ƙaro. A nan ne aka jawo ni cikin aikin. Tari ya cinye muryar Baba Gado, ba ya iya riƙe sauti ya daɗe, don haka ni ya koya wa. Zai rera, in kwaikwaya, ya girgiza kai, in sake, har ya ce, "Nan, ɗiyata, tsaya nan." Ina riƙe da muryar sai Yaya ya kaɗa, ya matsa wayar kaɗan, ya sake kaɗawa, har sautin biyu su daina karo da juna su zama ɗaya. Da aka gama, wuyan gitar ya yi kama da haƙoran tsohuwa, wani nan wani can. Amma in Yaya ya hau matakalar Baba Gado, har mai kopto takan bar abin da take yi ta saurara, ta kuma daina tambayar inda waƙar take.

Ba a rasa mai kai tsegumi ba. Aka ce mushe yana tara ƴan gudun yunwa a gidansa, yana shirya waƙar zagin hukuma. Aka kira shi wani biro, wato ofishin hukuma, aka ce ya zo da gitar. Hajara ta wuni tana kuka, ni kuma na kasa zuwa lise. Kafin magariba sai ga shi ya dawo yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce wani mai kaki ne ya umarce shi ya kaɗa abin da yake kaɗawa a gida, shi kuwa ya yi ta hawa da sauka har mutumin ya gaji ya ce, "Ina maganar?" Ya ce babu magana, motsa yatsu ne kawai. Aka kore shi da gargaɗin ya kula da irin baƙin da yake tarawa. Shi abin dariya ya ba shi. Ni kam har yau in na tuna raina ɓaci yake, a ce malamin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba ya wuni a tsaye don ya ba tsoho tuwo.

Hanyoyi huɗu, wato matakala huɗu, Baba Gado ya ce yana da su. An gama dasa uku, ana cikin ta huɗu, sai hukuma ta ce a mai da mutanen garuruwansu su je su yi noman rani. Ban ce babu wanda hakan ya amfana ba. Abin da na sani shi ne ba a tambayi kowa ba. Wata safiya na fito zan tafi lise na ga filin wayam, sai murhu da toka da sawun manyan motoci. Yaya ya yi ta cigiya wajen direbobin Tawa da ƴan kasuwar da ke zuwa Adar, babu wanda ya iya ce masa ga inda tsohon ya faɗa. Bai rubuta muryoyin a takarda ba, don layukan littafin Turawa ba su da gurbin da za a sa su. Kaset guda da ya ɗauka kuwa rediyo ta tauna ta tun yana da rai. Saboda haka kiɗan Baba Gado ya rage a wuri biyu kacal: wuyan gitar nan da maƙogwarona. In waya ta saki, ni Yaya ke kira in rera ya mayar da ita. In kuma ni ce na kauce, gitar ta dawo da ni.

Ciwo ya kwantar da shi ƴan shekaru bayan haka, ya rasu ya bar ɗa guda, Nasiru, yana rarrafe. Ranar sadakar uku Kawu Alhaji ya ce a fitar da wannan abu daga gidan mamaci. Na naɗe ta cikin zanena na wuce da ita ta gabansa, ya kalle ni na kalle shi. Ta bi ni gidan aurena, ta bi ni duk garin da aikin koyarwa ya kai ni, ta dawo Yamai tare da ni da na yi ritaya. Ban iya kiɗa ba, amma na san inda ake ɗora yatsa. Lokaci-lokaci nakan sauko da ita daga kan armuwar, wato kabad ɗin kayana, in ɗaure tsirkiya yadda ya nuna mini, in taɓa in rera, in ji ko ina nan daidai.

Watan jiya Nasiru ya zo mini da albishir. Yanzu babban ma'aikaci ne, da mota da tumbi, kuma yaro ne mai zumunci, ba zan hana shi wannan ba. Ya ce wata ƙungiyar masu kiɗa za ta yi taron tunawa da waɗanda suka share fage, a wani zaure wajen Gaweye, kuma sunan mahaifinsa na ciki. Suna son a nuna gitar. Na ji daɗi har na yi hawaye. Na miƙa masa ita da hannu biyu, na ce, "Nasiru, ko ƙurar da ke jikinta kada a share. Waɗannan wayoyin da kake gani su ne aikin ubanka." Ya ce, "To, Gwaggo." Irin wannan "to" ɗin da ake yi wa tsofaffi.

Mu mutane ne masu tsoron kunya fiye da tsoron asara. In za a yi baƙi sai a shafe bango da farar ƙasa, ko da zanen kaka ne a jikinsa. Tsohuwar tukunya a ɓoye ta a fito da sabuwar roba. Duk abin da zai shiga gaban manya dole ya yi ƙyalli. Da wannan hali Nasiru ya dubi gitar ubansa, ya ga tsohon katako da guntayen wayar keke, ya ji ba zai iya ajiye ta gaban jama'a haka ba. Ya kai ta wurin mai gyara. Mai gyara ya yi aikinsa tsakani da Allah: ya tuge wayoyin, ya kankare wuyan har gurabun suka ɓace, ya jera sababbin ƙarafa daidai da awon Turawa, ya shafa mata man ƙyalli.

Ban san an yi haka ba sai da na shiga zauren. Na hango ta cikin akwatin gilashi tana walƙiya, da hoton Yaya a gefe. Da farko na zaci wata ce suka aro. Sai na ga ɗan tabon da ke bayan kunnuwan ɗaure tsirkiyarta, inda ta taɓa faɗuwa daga kan gado, na nemi kujera na zauna. Ina zaune ina ji aka yi ta jawabai. Wani ya ce marigayin ya tsare gadon kakanni. Ɗan Kawu Alhaji, da babbar rigarsa, ya ce gidansu ya daɗe yana alfahari da shi. Daga nan matasa suka hau suka kaɗa abin da suka ce salon Mushe Lawali ne, da piyano mai lantarki, sumul, babu ko murya ɗaya ta Baba Gado a ciki. Aka yi ta tafi.

Da aka tashi na ja Nasiru gefe na tambaye shi abin da ya aikata. Ya ce, "Gwaggo, manya ne fa za su zo. Ta yi kama da kayan bola. Kada a ce mun wulaƙanta kayan tsohonmu." Na ce ya kai ni wurin mai gyaran ko wayoyin ne in tsince. Muka je washegari. Mutumin ya ce ya share su tun ranar, kuma ko da suna nan, wa zai ce ga inda kowace take zaune? Ya yi gaskiya. Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Na ce masa na ji, amma haƙurin bai zo ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar ya zo ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai yi murna da abubuwa da yawa. Yaro yanzu daga cikin salularsa zai ga malami yana nuna masa kowace gam da yatsu a fili, abin da shi ya yi shekaru yana tsinta daga littafi mara bango. Zai ji daɗin ganin ɗan gidan mutunci ya rataya gita a titi babu mai ce masa maroƙi. Amma da ya ga ƴar na'urar nan da ke kunna koren haske in murya ta yi daidai da awonta, ta kunna ja in ta kauce, da na'urar da ke miƙe muryar mawaƙi a situdiyo ko ya so ko bai so ba, zai tambaya wa ya ba su hukuncin. A wurinsu duk abin da Baba Gado ya ɗauko a ka daga Adar kuskure ne. Zai kuma tambayi matasan nan masu gudun yatsu ko akwai wanda ya taɓa zama wata guda a gida ɗaya na matakala yana saurare. Sai dai shi da murmushi zai yi tambayar, don mutum ne mai sanyin rai. Ina jin ma zai dafa kafaɗar ɗansa ya ce ba komai. Ni ban gaji wannan hali ba. Fari bai ci kiɗan nan ba, soja bai ci shi ba, Kawu Alhaji ya nema bai samu ba. Sai da aka zo girmama shi sannan aka gama da shi, cikin kwana biyu, da man ƙyalli.

To me ya rage na Yaya Lawali? Akwai ɗaliban da ya koyar, waɗanda har yau in sun gane ni a kasuwa sukan tsaya su yi masa addu'a. Akwai Nasiru, da fuskar ubansa da kyakkyawar niyyarsa. Akwai tuwon da ya ba baƙo a shekarar da kowa ke rufe ƙofa, kuma ina fata shi zai tarar a gabansa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya haɗa da marigayiya Hajara, ya haɗa da Baba Gado duk inda ƙasa ta rufe shi.

Na kiɗan kuwa, saura ni. An dawo mini da gitar tana ta ƙamshin fenti. Shekaranjiya ina tsince shinkafa na kama rera matakalar Baba Gado ta farko, na zo kan muryar nan sai na ji kamar ban sauka daidai ba. Muryata ta tsufa, kuma shekara da shekaru rediyo na zuba mini do, re, mi a kunne. Na tashi na sauko da gitar kamar yadda na saba. Na danna ƙarfen ƙasa, ya yi ƙasa da yawa. Na danna na sama, ya wuce. Na ajiye ta na sake rerawa, sai ya fito dabam da na farko. Ban san wanne ne nasu ba, kuma duk faɗin Yamai babu wanda zan tambaya.